Kafin ka taɓa garke don sayen kat-kat ta hannu

Darasinmu na wannan karo ba na allura ba ne, ba kuma na tsutsar ciki ba. Na mota ne. Wani zai ce, mi ya haɗa malamin dabbobi da mota? Abin da ya haɗa mu shi ne kuɗin motar nan daga cikin garke suke fitowa, kuma mu ne muke ƙidayar garken kowace shekara wajen rigakafi.

Akwai wani bawan Allah da na shekara da shekaru ina yi ma shanunshi allura. Wata shekara na ƙidaya 41 sun wuce ta shinge. Shekara ta zagayo na ƙidaya 24. Na ce mashi, "Alhaji, ciwo ne ya shigo maka ba ka gaya mana ba?" Ya yi dariya ya nuna mani wata farar kat-kat a gindin gawo. Bayan shekara biyu na koma, shanu sun dawo 19, motar kuma tana nan gindin gawon bisa duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kan inji ne ya tsage, aka gyara, ya sake tsagewa. Shanu biyar ɗin ƙarshe wajen gyara suka tafi.

Ba ina hana ka sayen mota ba ne, ɗan'uwa. Wanda ya taɓa ɗora mace mai naƙuda bisa amalanke da tsakar dare zuwa likita, ya san abin da ke sa mutum ya so mota. Haka wanda ya yi jiran motar haya ranar Alhamis har kasuwar Maigatari ta fara watsewa ragunanshi na ɗaure a bakin hanya. Bukata ce ta gaskiya. Abin da muke so shi ne in za ka saya, ka saya da lissafi, ka kuma duba ta kamar yadda kake duba sa kafin ka ce "na saya".

Lissafi da kan shanu

Dillali zai faɗa maka kuɗi da miliyan. Kai ka mai da su shanu, don shi ne lissafin da ba ya ruɗa ka. Misali kawai, ba farashin kasuwa ba: a ce motar miliyan 6 ce na sefa, a ce kuma dabba guda jika 300 za ta yi. Shanu 20 ke nan. To ka tsaya ka dubi garkenka, ka fidda 20 da ido, ka ga abin da ya saura.

Sannan ka duba su wane ne cikin ashirin ɗin. In bijimai ne da tsofaffin shanu da suka daina haihuwa da raguna na turka, da sauƙi, don dama na sayarwa ne. In kuwa sai an taɓa karsana da shanu masu haihuwa, to nan gizo ke saƙa. Ka san karsana a ƙasarmu sai ta kai wajen shekara 4 take haihuwar fari, kuma saniya mai ƙoshi ƴaƴa 2 take ba ka cikin shekara 3. Shanu mata 10 da ka sayar, ka sayar da maruƙa wajen 6 na kowace shekara, ka sayar da nonon da mai ɗaki ke kai ma kasuwa tana samun na gishiri da na sabulu. Ita fa a shawarce ta, don cikin shanun nan sau da yawa akwai nata, akwai na yara, akwai na amana. Mota ba ta haihuwa. Ran da ka saye ta, ran nan ta fi tsada, daga nan sai ƙasa.

Kada kuma ka kai duk abin da ke hannunka wajen mai mota. Ba a taɓa sayen motar hannu ba a yi mata kashe kuɗi cikin watannin fari ba: taya, batir, juyen baƙin mai, birki, takardu. Ni shawarata, in jika 100 ke gare ka, ka nemi motar jika 75, ka ajiye sauran. In sauran bai isa ba, za ka koma cikin garke, kuma lokacin ba kai ke sa farashi ba, matsi ke sa shi.

Lokacin sayarwa ma abin lura ne. Dabbar da aka sayar da kaka ko gab da Layya ba ɗaya take da wadda aka sayar da bazara ƙashin haƙarƙari a waje ba. Ka tara kuɗin a hankali lokacin da kasuwa ke da kyau. In a Maigatari ka sayar da naira, ka canza da wuri, don wanda ya riƙe naira cikin 2023 da 2024 ya ga yadda ta narke mashi a aljihu in ya zo mai da ta sefa. Kuma ka bar abin da za ka tsallake mummunar shekara da shi. Dattawanmu ba su manta 1984 ba, mu kuma mun ga 2005 da 2010. Shekara irin wannan, mai garke 40 yana iya fita da iri, mai 15 sai abin da Allah ya yi.

Abincinta

Saniya in ba ka da kuɗi tana iya kiwo a daji. Mota ba ta da daji. Shekaru da dama mun saba da man ƴan ruwa-ruwa mai araha da ke tsallakowa daga Najeriya, har mutane suka ɗauka haka abin zai dawwama. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin fetur, araha ta ƙare dare ɗaya. Muna da matatar SORAZ a arewacin Damagaram tun 2011, amma duk da haka cikin watan Maris na 2025 an yi dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar nan. Don haka kada ka yi lissafinka bisa man araha.

Babbar kat-kat a kan kwalta tana iya shan lita 11 zuwa 13 a kilomita 100. Cikin rairayi da kaya, ka sa rai da 16 zuwa 20, wani lokaci fiye. Kada ka yarda da bakin mai mota. Gwajin ba wuya: a cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa, a ga lita nawa ta ci.

Wace iri ce ta aikinmu?

Motocin da duk ake ce ma kat-kat ba ɗaya suke ba, ko da kamanninsu ɗaya. Akwai masu shasi, wato ƙaƙƙarfan ƙarfe biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya aka ɗora jikin motar a kai, kuma suna da ƙaramar giya ta ja, wadda aka rubuta ma L4 ko 4L. Irinsu Land Cruiser, Prado, Hilux, Fortuner, da 4Runner wadda wasu ke ce ma Surf, da Nissan Patrol. Akwai kuma waɗanda motar birni ce aka ɗaga ta sama, ba shasi daban, ba ƙaramar giya, irinsu RAV4 da Highlander. Suna da daɗin zama, suna da sauƙin mai, kuma tsakanin Magaria da Damagaram ba su da laifi. Amma jigawar da ke tsakanin ƙauyukanmu, da tirela a baya, ba aikinsu ba ne.

In aikinka ya fi yawa wajen kaya, dusa da harawa da tanon ruwa da bisashe, ka bar rufaffiyar mota ka nemi mai buɗaɗɗen baya mai ƙofa huɗu. Iyali su zauna gaba, kaya baya. Rufaffiya ta mutane ce. Zan dawo kan wannan.

Game da inji, tsoffin injinan gazuwal na Toyota marasa kwamfuta, irin 5L da 1HZ, ba su da gudu amma suna da haƙuri, kuma makanikin Dungass ko Magaria yana iya buɗe su. Sababbin da aka rubuta ma D-4D sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sai dai ba su jure gazuwal mai datti ko mai ruwa, kuma in nozul ɗinsu ya lalace kuɗin sa guda bai cika isa ba. Mai irin wannan ya yi sallama da man jarka. Injin da ake ce ma 1KZ, na cikin tsoffin Prado da Surf, an san shi da tsagewar kai in ya yi zafi. Shi ne ke cikin motar gindin gawo. Giyar otomatik kuma tana zafi in ana ja da ita cikin rairayi, kuma masu gyaranta sai birni. A ganina ta hannu ta fi mana.

Kafin ka yanke, je wajen masu sayar da kayan gyara ka tambayi kuɗin abu uku na motar da kake so: kuloci, famfon ruwa da sifirin. In suka ce sai an aiko daga Kano ko Yamai, ka san kwana nawa za ta riƙa yi a tsaye.

Nauyi: nan ne motoci ke mutuwa

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci, don haka ka karanta shi sau biyu, ko ka sa yaro ya sake karanta maka.

Kowace mota an rubuta mata iyakar abin da za ta ɗauka. A katin mota, wanda ake ce ma kart-giris, akwai lamba biyu: nauyinta ba kaya, da nauyin da ba a yarda ta wuce ba in an loda ta. Ka ɗebe ta fari daga ta biyu, abin da ya saura shi ne kayanka. Ga rufaffiyar kat-kat matsakaiciya, yawanci bai wuce kilo 600 zuwa 700 ba, kuma mutane na ciki, har da direba.

To mu yi lissafi. A ce taka kilo 650 ce. Ku bakwai ne, manya da yara, a ce kowa kilo 60 in an haɗa an raba: 420. Saura 230. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka tano cike, lita 200 da ƙarfenshi, ya kai wajen 220. Ka ga iyali da tano guda sun cika mota. Ba wurin buhun hatsi mai kilo 100, ba wurin buhunan dusa masu 50-50 da ake ɗaurewa bisa rufi. Na san za ka ce ai motocin kasuwa suna ɗaukar ninki uku suna tafiya. Suna tafiya, amma je ka tambayi masu su sau nawa suke canza sifirin da taya cikin shekara, ka kuma tuna waɗanda ka gani a kife gefen hanya. Kaya bisa rufi shi ya fi kowane kai mota ƙasa, musamman in taya ta fashe ko an kauce ma jaki.

Sai maganar tirela. A motocin da suka fito daga Turai, ƙa'idar tirela marar birki ita ce kada ta wuce kilo 750, da ita da kayanta gaba ɗaya. Tirelolin da masu walda ke haɗa mana da ƙafar tsohuwar Peugeot ba su da birki, kuma ita kanta tirelar tana iya kai kilo 250 ko 300. Abin da ya saura maka bai wuce 450 zuwa 500 ba. Tano biyu na ruwa ke nan, ko babban sa guda, ko matsakaitan shanu biyu in ƙanana ne, tunda a lissafin ma'aikatar kiwo dabba matsakaiciya kilo 250 ake ba ta. Wannan fa a kan hanya mai tauri ne. Cikin rairayi mai laushi ka rage, don tayoyin tirela nutsewa suke, mota na ja kamar ana huɗa, kuloci na ƙonewa, inji na zafi. In kana jin ƙaurin kuloci, tsaya ka sauke.

Dillali zai ce maka wannan motar tana jan tan biyu ko uku. Yana iya zama gaskiya a takarda, amma da tirela mai birkin kanta ake nufi, bisa kwalta. Matsalar ba ja ba ce, tsayawa ce. Yaro ya gitta a cikin gari, ka taka birki, tan guda na bayanka yana tura ka.

Wurin ɗaura tirela dole ya kasance a jikin shasi da manyan kusoshi. Wanda aka yi ma walda a jikin bamba yaudara ce, ranar da ya ɓalle tirela za ta bi hanyarta. A sa sarƙa ta biyu tsakanin mota da tirela, a sa mata fitila ko aƙalla abin da ke ƙyalli da dare. Wajen loda, kaya su ɗan fi yawa gaban tayoyin tirela, ta yadda bakinta zai danna mota kaɗan, kamar nauyin buhun dusa guda ko guda da rabi. In nauyin ya koma baya, za ta riƙa wutsiya hagu da dama har ta juya motar. Tankin ruwa kuma ko a cika shi ko a bar shi wayam. Rabin tanki ruwan kai-da-komo yake yi, kuma ya fi cikakke haɗari.

In rairayi ya yi yawa, rage iskar taya yana taimako ƙwarai, amma sai kana da famfo a mota, don in ka hau tsakuwa ko kwalta da taya saɓule, za ta yi zafi ta fashe.

Wani abu da nake gaya ma mutane ba su so ji: in jigilar ruwa da taki da kara tsakanin gida da gona ita ce babbar bukatarka, amalanke da shanu biyu sun fi mota. Suna cin abin da gona ta bayar, suna ba ka taki, bayan shekara uku ko huɗu ka sayar da su sun fi kuɗin da ka saye su. Ka bar ma mota tafiya mai nisa da ta gaggawa.

Ranar dubawa

Ba ka sayen sa da dare, ba ka kuma yarda da dillali ya buɗe maka bakinshi kai kana nesa. Haka mota. Ka je da makanikinka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai mota ya kira ba. Ku je da sassafe, ka ce kada a tada ta sai kun zo. Ka ɗora hannu bisa inji. In ka tarar da ɗumi, an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa game da tashinta.

Kafin a tada, a buɗe murfin baƙin mai. In ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikin murfin, ruwa na haɗuwa da mai. A buɗe lagireto tun da sanyi, a duba ko akwai mai a saman ruwan ko tsatsa. A murɗa makulli ba tare da an tada ba: fitilun allon gaban direba su kama duka, in an tada su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri. Da an tada, a bar lagireto buɗe ɗan lokaci, in ruwan na ta kumfa yana tasowa, gasket ko kan inji ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ka yi sallama ka tafi. Kada kowa ya buɗe lagireto in inji ya yi zafi, na ga wanda ya ƙone fuska.

Ka koma baya ka dubi hayaƙi, kamar yadda muke duban kashin dabba mu san cikinta. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Baƙi ƙirin, ko matacin iska ya toshe ko nozul ya gaji, wannan yana iya gyaruwa. Fari mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Sai ka shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashinta, ko da babbar riga ka zo. Ka bi shasi da ido daga gaba har baya, ka ƙwanƙwasa da guduma. Motocin Turai da Amurka da Kanada sun yi tafiya bisa gishirin da ake zuba ma hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishiri na cin ƙarfe daga ciki. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Walda a jikin shasi kuma karaya ce da aka ɗora, ba ta jan tirela. Tun kana nan ƙasa ka tabbata furofela biyu ne, ta gaba da ta baya. Akwai motocin da aka cire ma ta gaba don ta lalace, ana sayar da su da sunan kat-kat alhali ƙafa biyu ke ja.

Lambar kilomita ba abin dogara ba ce, ana mai da ita baya. Haƙoran mota su ne robar birki da ta kuloci, da sitiyari, da kujerar direba: in sun cinye alhali lamba na nuna kaɗan, lambar ce ke ƙarya. Motar Amurka kuma da mil take ƙidaya, mil guda kilomita 1.6 ne, don haka 150,000 a allonta 240,000 ne. Taya ma tana da ranar haihuwa: a gefenta akwai lamba huɗu, biyun fari mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta na da kyau, zafin bazara na iya fasa ta. Ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin cikin inji da makanikai ke ce ma tayimin bel. In ba wanda ya sani, ka sa kuɗin canza shi cikin ciniki, don in ya tsinke ana tafiya inji ne ke tafiya da shi.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a kwalta. Ku fita bayan gari inda rairayi yake, ku cika ta da mutane, a sa H4, a sa L4, a ji ko suna shiga suna fita ba gardama. Ku yi aƙalla rabin awa, idonka na kan allurar zafi. A sa babbar giya a taka mai a hawa: in inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare. In an canza mata sitiyari daga dama zuwa hagu, a bar makaniki ya duba aikin da kyau, ni dai ba na so.

Takardu

Da, yawancin motocin hannu ta tashar Kwatano suke shigowa su biyo ta Gaya. Da aka rufe iyakar a watan Yuli na 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. Shi ya sa idon mutanenmu ya ƙara komawa Kano da garuruwan Jigawa, inda faɗuwar naira ta sa mota ke kama da araha. Ka sani motar da ke da lambar Najeriya ba ta zama ta nan sai an biya mata duwan an yi mata katin ƙasar nan. Takardar wucewa ta ɗan lokaci ce. Je ofishin duwan da kanka ka tambayi abin da za a biya tun ba ka ba da ko dala ba, ka haɗa shi da kuɗin motar, sannan ka ga ko arahar na nan.

Kowace mota na da lambar shasi, haruffa da lambobi 17 a yawancinsu. Ka sa mai karatu ya gwada wadda aka buga a jikin ƙarfe da wadda ke katin mota da ta takardar duwan, ɗaya bayan ɗaya. In wurin lambar ya nuna an goge ko an yi walda, ka bar ta ko kyauta ce. Irin motocin nan ɓarayi na son su, kuma ka san hukuncin wanda aka kama da saniyar sata a garkenshi, ko da kuɗinshi ya saya. Sunan da ke kati ya zama na mai sayarwa, in ba shi ba ne ya nuna takardar da ta ba shi izini. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi, sannan a biya. Bayan nan akwai asiransi, da binyet, da bizit. Permin B na ƙaramar mota ne da ƙaramar tirela, in tirelar ta wuce kilo 750 ka tambaya tukuna. In kuma kana da niyyar ɗaukar fasinja ranar kasuwa don motar ta ci da kanta, takardun wannan daban ne, kuma asiransin motar gida ba ya biyan fasinjan haya in an yi haɗari.

Ka yanke tun yanzu wa zai tuƙa. Yaron da ya iya babur bai iya mota mai tirela ba.

Bisashe a mota

Nan na dawo gonata. Kada a haɗa yara da tumaki cikin rufaffiyar mota. Ban da fitsari da ƙazanta, akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, musamman daga wadda ta yi ɓari ko sabuwar haihuwa. Kuma in aka bar ƙofar baya buɗe don rago ya samu wuri, hayaƙin salansa ciki yake dawowa. Gubar da ke cikinshi ba ta da wari, sai dai ka ga yara na ciwon kai suna gyangyaɗi.

A bayan mota ko tirela, a zuba rairayi ko kara a ƙasa don kada su zame. Dabba ta yi tafiya a tsaye in da hali. Wadda aka ɗaure ma ƙafa huɗu aka kwantar bisa gefe awa da awa, cikinta na kumbura, wani lokaci a sauke ta ba ta tashi. A shayar da su kafin tashi, kada a cika masu ciki da dusa. A yi tafiya da sanyin safiya ko da marece, a raba masu ƙaho da ƙanana, mai tsohon ciki kuma a bar ta gida. Wahalar hanya da zafi da cunkoso suna tada ciwon huhu bayan ƴan kwanaki, don haka dabbar da ta sha mota a sa mata ido mako guda.

Mota tana ɗaukar ciwo kamar yadda take ɗaukar kaya. Annobar awaki da tumaki, da ciwon baki da ƙafa, suna bin majina da yawu da kashin da aka bari a bayan mota. In ka dawo daga kasuwa, ko ka ba maƙwabci aro ya kai marar lafiya, a share rairayin a zuba nesa da garke da rijiya, a wanke da sabulu, a bi da ruwan Jabel, a bar ta ta bushe a rana. Dabbar da ka sayo kuma a turke ta daban mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran.

Wanda ke da mota ko tirela yana son sanin nauyin sanshi kafin ya loda, muna da igiyar awo da ake zagaya ƙirjin dabba da ita. Ya same mu wurin rigakafi ko a ofishin kiwo, ya zo da katin motar, mu yi lissafin tare.